Belin mai fataucin ƙwaya: yaushe ake kai ƙarar alƙali?

 

Tambayar da ta fi yawa a majalisinmu kwanakin nan ita ce: an kama mutum da tramol, bayan mako biyu sai ga shi a unguwa, ashe ba a sayi alƙali ba? Ba ma ganin laifin masu tambaya. Mutanen N'Djamena ba su manta da watan Janairun 2020 ba, lokacin da aka kama mota ɗauke da katan 246 na tramol a kan hanyar Libiya. Da kotu ta yanke hukunci a watan Yulin shekarar, cikin waɗanda aka ɗaure har da manyan jami'an tsaro. Wanda ya ga haka, dole ya yi zargi.

Amma mu fara da fahimtar beli. Wanda aka ba beli ba a wanke shi ba, an sake shi ne bisa sharaɗi kafin a gama shari'a. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai lamunin fuska, wato wani ya ɗauki alkawarin kawo wanda ake nema duk ranar da aka buƙace shi, kuma malamai ba su yarda da shi ba a haddi da ƙisasi. Tsare mutum saboda tuhuma shi ma yana da asali, don Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsare wani mutum a kan tuhuma. Ibnu Farhun a Tabsiratul Hukkam ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Ba a yi musu awo da mudu ɗaya. Yaron da aka samu da ƙwaya biyar a aljihu ba daidai yake da mai mota da kuɗi da mutane a bakin iyaka ba, wanda in an sake shi yau, gobe ya ƙetare Shari ya shiga Kusuri.

To alƙali na iya yin wannan awo ya kuskure. Kuskure maganinsa ɗaukaka ƙara, kuma a tsarin kotunan Chadi mai gabatar da ƙara yana da ikon ƙalubalantar sakin a kotun gaba. Cin amana kuwa daban ne: karɓar kuɗi, ko bin umarnin wani babba ta waya, ko sauraron shari'ar ɗan uwa. Wannan shi ake kai wa masu binciken Ma'aikatar Shari'a, kuma Majalisar Ƙoli ta Alƙalai ke da hurumin ladabtarwa. Magabata suna kiran irin wannan ƙofa mazalim. Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, saboda haka dangin da suka tara kuɗin su ma ba su kuɓuta ba.

Abin da muke tsoro shi ne jama'a su mai da kowane beli laifi. A Najeriya, babbar kotun tarayya ta Abuja ta sha hana ɗan sanda Abba Kyari beli bayan an kama shi an miƙa shi ga hukumar NDLEA a 2022, sai a watan Mayun 2024 ta ba shi mako biyu saboda rasuwar mahaifiyarsa. Da aka hana an yi surutu, da aka bayar ma an yi. Alƙalin da ya san za a zage shi a kan kowane saki zai daina saki gaba ɗaya, kuma ba attajiri zai cutu ba. Talaka ne zai daɗe a Klessoum ba a ko kira shari'arsa ba.

Wanda ke da ƙorafi ya rubuta shi da sunansa, da lambar shari'ar, da ranar da aka yi sakin, da abin da ya gani da idonsa ko wanda zai tsaya ya shaida. "An ce" ba ta shiga takarda.