Farfaɗo da Tsohon Akwatin Talabijin Mai Launi a Ƙasar Amurka

Duk wanda ya taɓa kai rediyo wurin mai gyara ya san abin da ake nufi da gyara, watau a gano abin da ya mutu, a cire shi, a sa wani, rediyo ta yi magana, a biya ladan aiki. To, akwai wani aiki da ya yi kama da wannan, amma manufarsa dabam ce. A ƙasar Amurka ana samun waɗansu mutane da suka mayar da tayar da tsofaffin akwatunan talabijin masu launi abin sha'awarsu, ba don neman abinci ba. Kalmar da ta fi dacewa da aikin nasu ita ce farfaɗowa. Shi mai gyara so yake akwati ya yi aiki ko ta halin ƙaƙa. Mai farfaɗowa kuwa so yake akwatin ya koma yadda ya fito daga masana'anta, da kyawunsa da aibinsa. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ake aikin, ta hanyar duba akwatin da masu wannan sha'awa suka fi ƙwallafa rai a kansa, watau CT-100 na kamfanin RCA.

A ranar 17 ga Disamba, 1953, hukumar kula da sadarwa ta Amurka ta amince da tsarin watsa hoto mai launi da ake kira NTSC. A watan Maris na 1954 kamfanin RCA ya fara ƙera CT-100 a garin Bloomington na jihar Indiyana. Akwati ne na katako mai nauyin gaske, da bawul fiye da 30 a cikinsa, da kwalbar hoto mai inci 15. Kuɗinsa dala 1,000, kusan rabin kuɗin ƙaramar mota sabuwa a lokacin. Kasuwa ba ta karɓe shi ba, domin shirye-shirye masu launi ba su da yawa, hoton kuma ƙarami ne. Kafin shekarar ta ƙare an karya farashinsa zuwa dala 495. Kimanin guda 4,400 aka ƙera, waɗanda aka san sun rage kuwa ba su wuce 150 da 'yan kai ba.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin wahala a kan akwatin da ko a zamaninsa bai yi kasuwa ba? Amsar tana cikin kwalbar hoton. A wuyan kwalbar akwai bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi. Harbin yana ratsa wani farantin ƙarfe mai ƙananan huji kamar rariya, sa'an nan ya faɗa kan ɗigo-ɗigon sinadari masu haske, waɗanda aka jera uku-uku har rukuni 195,000. Sinadarin da aka shafa a wannan kwalba shi ne ya yi daidai da launukan da tsarin 1953 ya tanada, musamman korensa mai zurfi. Aibinsa bai cika haske ba, sai an rage fitilar ɗaki. Saboda haka daga baya masu ƙera talabijin suka koma ga sinadarai masu haske, koren ya ɗan karkata wajen ruwan ɗorawa. Ashe ke nan wanda yake son ya ga launi kamar yadda mutanen 1954 suka gan shi, ba shi da wata hanya sai ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan akwatuna yana aiki. Hoton da aka ɗauka na fuskar akwatin ba ya wadatarwa, tun da shi ma a wata fuskar za a kalle shi.

Ƙa'ida ta farko a wurin masu farfaɗowa ita ce kada a jona tsohon akwati da wuta don a ga ko yana yi. Gaggawar nan ta kashe akwatuna da dama. Dalili shi ne kwandansa. Na wancan zamani da takarda da kakin zuma ake yin yawancinsu, shekaru kuwa suna sa su sha danshi, sai su riƙa yoyon wuta. Idan aka kunna akwatin haka, kwandansa guda na 'yan kwabbai yana iya ƙona tiransifoma wadda an daina ƙera irinta tuni. Don haka sai an bi su ɗai-ɗai da taswirar wayoyin akwatin a hannu, a narke dalma, a cire, a sa sabo, aikin da kan ci makonni. Bayan an gama ma ba a sakar masa wuta gaba ɗaya. Ana ƙara ta ne kaɗan-kaɗan, ko kuwa a ratsa ta cikin ƙwan fitila; in ƙwan ya haska da ƙarfi, to, akwai inda wayoyi suka haɗu, sai a kashe nan take.

A nan ne aka sami saɓani tsakanin masu sha'awar. Waɗansu suna sa sabon kwandansa a fili, kowa ya gani. Waɗansu kuwa sukan rarake tsohon, su cusa sabon a cikin bawonsa, su toshe da kaki, ta yadda wanda ya leƙa ba zai gane an taɓa ba. Hanya ta biyu ta fi kyan gani, amma tana da illa, domin bayan shekara hamsin mai bincike ba zai iya rarrabe aikin masana'anta da na mai farfaɗowa ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a rubuta duk abin da aka canza, a kuma adana tsofaffin kayan tare da akwatin.

Aikin yana da haɗari. Wutar da ke tura hoto a CT-100 ta kusa bolt 20,000, a akwatunan baya ma ta kai 25,000, kuma kwalbar tana riƙe wuta ko bayan an zare waya. Tilas a sauke ta kafin a kai hannu.

In akwati ya tashi, saura daidaita launi. Dole bindigogin uku su riƙa sauka wuri guda, in ba haka ba sai a ga fuskar mutum da gefe ja da gefe kore. Maganaɗisun ƙasa kansa yana karkatar da harbin, har juya akwatin daga gabas zuwa arewa kan iya ɓata launin da aka kwana ana gyarawa. Sa'an nan ga matsalar abin da za a kalla. Tun ranar 12 ga Yuni, 2009, manyan tashoshin Amurka suka daina watsa shiri da tsohon tsari, suka koma dijital, sai dai a haɗa akwatin da wata 'yar na'ura mai juya masa hoto zuwa harshen da yake ji. (Nijeriya dama ba NTSC ta bi ba, tsarin PAL na Jamus ta ɗauka.)

Duk waɗannan matsaloli suna da magani, ban da guda. Ana samun bawul, ana iya naɗa waya, kafinta yana iya gyara katako, amma kwalbar hoto ba ta da madadi. Ba ta aiki sai cikinta babu iska ko kaɗan. Ita kuwa kwalbar CT-100, wadda ake kira 15GP22, an haɗa gabanta da bayanta ne da zoben ƙarfe, kuma ta wannan mahaɗi iska take silalewa ciki a hankali. Akwai wani tabo mai ƙyalli kamar azurfa a wuyan kwalba. In ya koma fari, iska ta shiga, kwalbar ta mutu. Wannan tabo shi mai saye yake fara dubawa kafin ya yi tayi.

A da akwai masana'antu masu sabunta kwalba. Sukan yanke wuyan, su liƙa sabuwar bindiga, su gasa kwalbar cikin tanda suna zuƙe iskar, kana su toshe. Da kasuwar talabijin mai kwalba ta mutu, su ma suka bi ta. Hawk-Eye da ke Des Moines ta jihar Iowa ta rufe a 2010, RACS ta Faransa ta biyo baya. Gidan tarihin talabijin da Steve McVoy ya kafa a garin Hilliard na jihar Ohayo ya karɓi injunan wannan aiki domin kada sanin ya ɓace tare da masu shi. Sai dai sabunta bindiga ba ya toshe yoyon zobe, kuma zafin tanda kan iya fasa kwalbar da ta haura shekara saba'in. Shi ya sa wanda yake da CT-100 mai lafiyayyar kwalba ba ya kunna ta kullum. Yakan bari sai an yi baƙi, a rage fitila, a kalla na ɗan lokaci, a kashe.