Shin Ko Kun San? Yadda Ake Zaɓen Allon Tuƙi a Tsaye

Shin ko kun san cewa allon nan da ake hawa a tsaye a kan ruwa, ana tuƙa shi da filafili guda mai dogon mariƙi, da lita ake fara auna shi tun kafin a zo maganar tsawo? Duniya ta san wasan da sunan SUP. A jikin allo na kirki za ka tarar da lambobi huɗu: tsawo, faɗi, kauri, sai yawan lita. Idon mai saye kan tsaya a ta farko, alhali ta ƙarshen ce za ta gaya masa ko allon zai ɗauke shi.

Kowace lita ɗaya ta jikin allo tana iya ɗaga kilo ɗaya a ruwan daɗi. Wannan ƙa'ida ce da Archimedes, masanin Girka, ya bayyana sama da shekara 2,200 da suka wuce. Ke nan allo mai lita 200 sai nauyi ya kai kilo 200, har da nauyin allon kansa, sannan zai shige ruwa gaba ɗaya. Masuncin Argungu ya san wannan a aikace: ƙaton mutum ba ya kifa cikinsa kan ƙaramar gora.

To nawa mutum ke bukata? Masu sayar da alluna sukan ce wa sabon shiga ya ɗauki nauyin jikinsa a kilo ya ninka sau biyu zuwa uku. Mai kilo 80 zai nemi allo tsakanin lita 160 da 240, kuma ni dai zan ce ya karkata can sama. Idan yaro zai zauna masa a gaba, ko zai ɗora tanti da abinci, a haɗa nauyinsu a lissafin. Gwanayen hawan raƙuman ruwa kuwa sukan hau allon da litarsa ta ɗara nauyinsu da kaɗan, har idan suka tsaya cik ruwa kan rufe musu tafin ƙafa. Shekaru suka yi kafin su kai nan. Wanda ya kwaikwaye su a makon farko zai wuni yana faɗawa ruwa, ƙarshenta ya jingine allon a bango ya ce wasan ba nasa ba ne.

Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100, saboda gishiri. Allo mai lita 200 yakan sami ƙarin ƙarfin ɗaukar kimanin kilo 5 a teku.

Shin ko kun san a Waikiki ta tsibiran Hawai wasan ya samo siffarsa ta zamani? A tsakiyar ƙarni na 20, samarin da ke koya wa baƙi hawan raƙuman ruwa sukan miƙe tsaye kan manyan alluna da filafilin kwalekwale a hannu, don su hango ɗalibansu, su kuma ɗauki hoto ba tare da kyamara ta jiƙe ba. A cikin sunayen da ake ambata akwai Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninƙayar mita 100 a gasar Olamfik ta 1912 da ta 1920, da John Ah Choy da 'ya'yansa Bobby da Leroy. Sai a farkon shekarun 2000 Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da abin a tsibirin Maui, daga nan ya bazu duniya. An yi gasar duniya ta farko ƙarƙashin ISA, hukumar wasan hawan raƙuman ruwa ta duniya, a Peru a 2012.

Faɗi shi ne abin da ke hana mutum tangal-tangal. Allon da aka fi sayar wa masu koyo tsawonsa ƙafa 10 da inci 6 ne, wato kusan mita 3.2, faɗinsa kuma inci 32, kimanin santimita 81. Mai jiki ko dogon mutum ya nemi inci 33 ko 34, domin dogo ya fi gajere saurin jirkicewa. Amma faɗi yana da nasa haraji. Allo mai faɗi sosai yana jan ruwa, kuma ƙaramin mutum sai ya karkata filafili kafin ya kai ga ruwan, abin da ke sa allon ya riƙa waiwaye hagu da dama maimakon ya miƙe. Allunan tsere kan sauko ƙasa da inci 25. Inci biyu kacal a faɗi, ƙafar mai hawa za ta ji bambancinsu nan take.

Tsawo kuwa na gudu ne da miƙewa. Shin ko kun san dogon allo ya fi gajere gudu ko da ƙarfi ɗaya aka sa musu? Duk abin da ke keta ruwa yana tayar da 'yan raƙuma a gabansa da bayansa, kuma akwai gudun da idan ya kai shi, sai ya zama kamar yana ƙoƙarin hawa kan raƙumin da shi ya tayar. Injiniyan Ingila William Froude ne ya yi nazarin wannan a ƙarni na 19. Da lissafin da masu jiragen ruwa ke amfani da shi, allo mai ƙafa 10 da rabi yana fara cin karo da wannan shinge wajen kilomita 8 a awa, mai ƙafa 14 kuma sai wajen kilomita 9.3. A takarda tazarar ba ta da yawa. A tafiyar awa uku kuwa ta kusa kilomita huɗu. Shi ya sa allunan yawon nesa suke ƙafa 12 da inci 6, na tsere kuma galibi ƙafa 14. A gasar da ake ƙetare mashigin Ka'iwi daga tsibirin Molokai zuwa Oahu, tafiyar mil 32, akwai rukunin da ba a ƙayyade tsawo ba, inda ake ganin alluna da suka haura ƙafa 17, da sitiyarin da ake juyawa da ƙafa.

A Holan akwai gasar zagaye garuruwa 11 na lardin Friesland ta magudanan ruwa, sama da kilomita 200 cikin kwana biyar. Chris Bertish na Afirka ta Kudu kuwa ya tashi daga Agadir a Maroko a Disamban 2016, ya isa Antigua a Maris 2017 bayan kwana 93, shi kaɗai. Allonsa ya kai mita 6, har da ɗan ɗakin kwana.

A dubi goshin allo kafin a biya kuɗi. Na ruwa kwantacce goshinsa tsini ne, yana tsaga ruwa gida biyu, cikinsa kuma kusan a miƙe yake daga gaba zuwa baya. Na raƙuman ruwa gajere ne, sau da yawa ƙasa da ƙafa 10, gwanaye har sukan hau mai ƙafa 7 ko 8. Goshinsa da wutsiyarsa sun ɗaga sama, gefensa sirara ne musamman ta baya. Wannan lanƙwasa ce ke hana goshi nutsewa lokacin da allo ya gangaro daga kan raƙumi, siririn gefen kuma shi ke kama ruwa idan za a yi kwana. Ka kai wannan allo tafki, zai riƙa ture ruwa da ƙirji yana kaɗa kai, duk tuƙi uku sai ka sauya hannu. Ka kai dogon allon tsere cikin raƙuman bakin teku, goshinsa zai soke ruwa ya wurgar da kai, ga shi ba ya juyawa da wuri, kuma allo mai mita huɗu da ya kuɓuce a tsakiyar masu wanka haɗari ne. Allon da ake tallatawa da sunan mai yin komai yana yin komai ɗin, amma tsaka-tsaki. Ga iyali da mai koyo ya wadatar. Wanda ya riga ya san ruwan da zai fi shiga, tafki ne irin Jabi a Abuja ko raƙuman Tarkwa Bay a Legas, ya sayi allon wannan ruwan.

Fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiya fa? Tom Blake ne ya fara maƙala shi a allon hawan raƙuman ruwa a 1935. Tsarin fiffike uku kuma Simon Anderson na Ostareliya ya fito da shi a 1980. A ruwa kwantacce dogon fiffike guda ya isa, shi ke riƙe allo kan hanya. A kogi mai duwatsu a sa gajere mai laushi, domin dogon fiffike idan ya daki dutse, allo zai tsaya cak, mai hawa ya wuce gaba.

Shin ko kun san allon da ake hura wa iska ba fanko ba ne a ciki? Dubban zare ne ke haɗe da samansa da ƙasansa, su ke hana shi kumbura ya zama zagaye, su sa ya tsaya a shimfiɗe ya yi tauri. Yawanci ana hura shi zuwa matsin iska na ma'aunin PSI 12 zuwa 15, wasu har sama da haka, kuma kaurinsa inci 4, 5 ko 6 ne. Babban mutum ya guji dogon allo mai inci 4, domin zai lotsa a tsakiya. Mai inci 6 ya fi tauri, sai dai yana ɗaga mutum nesa da ruwa, iska ta fi samun abin turawa, kuma kaurin gefensa ba ya kama raƙumi yadda ya kamata. Allo mai tauri kuwa cikinsa farin soso ne mara nauyi, an lulluɓe shi da zaren gilashi ko na kabon da gam mai ƙarfi. Ya fi gudu, ya fi biyayya a kan raƙumi, amma yana bukatar wurin ajiya da mota, kuma yana tsagewa idan ya bugu. Na hurawa ana naɗe shi a jaka a goya. Mai zama a ɗaki ɗaya ya san wanda zai ɗauka.

Ga abin da ya shafi duk mai zama a ƙasar zafi. Iskar da ke cikin allo tana ƙara matsi idan ta ɗumama. Allon da aka hura zuwa PSI 15 da safe, zafi na digiri 25, idan aka bar shi kan yashi har iskar cikinsa ta kai digiri 55, zai haura zuwa wajen 18, ga gam ɗin da ya haɗa gefuna ya yi laushi. Haka alluna ke fashewa ba wanda ya taɓa su. A ajiye a inuwa, ko a rage iska.

Filafili ma da awonsa. A ruwa kwantacce ya ɗara tsawon mai shi da santimita 20 zuwa 25. A raƙuman ruwa ya fi gajarta, domin mutum a durƙushe yake rabi da rabi. Bakinsa a karkace yake, kuma karkatar gaba take kallo, nesa da mai tuƙi. Kusan duk mai koyo juya shi yake yi baibai, yana zaton cokali ne na ɗibar ruwa.

Igiyar da ke haɗa mutum da allonsa ita ce abin da na fi so a kula da shi, don nan ne kuskure ke cin rai. A tafki ana ɗaura igiya mai murɗe a ƙafa, don kada ta ja ruwa ko ta kwaso ciyawa. A raƙuman teku miƙaƙƙiya ake sawa, tsawonta kusan tsawon allon, domin mai murɗe kan dawo da allo da ƙarfi ya daki mai shi. A ruwa mai gudu kuwa igiyar ƙafa tarko ce: idan ta sarƙe a reshe ko a ƙarfen gada, ruwa zai danne mutum, hannunsa ba zai kai idon sawu ba. Can ana ɗaura ta a ƙugu da ɗamarar da ake ɓallewa da fizga ɗaya. Ranar 30 ga Oktoban 2021 aka yi haɗarin da ya ci ran mutum huɗu daga ayarin mutum tara a wani shingen ruwa a kogin Cleddau, a garin Haverfordwest na yankin Wales, bayan ruwan sama mai yawa. Rahoton hukumar binciken haɗarin ruwa ta Birtaniya ya taɓo rashin tsari a tafiyar, da batun igiya da kayan kariya.

Tun 2008 hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗauki wannan allo a matsayin jirgi muddin ya fita daga wurin wanka da wasan raƙuman ruwa, don haka dole rigar ceto ta kasance tare da mai shi.

Sai iska. Mutum a tsaye kan allo shi kansa abin turawa ne, kuma iskar da ke busowa daga tudu zuwa cikin teku ta fi kowace yaudara, domin tana kwantar da ruwan bakin gaɓa ya yi lumui. A Agustan 2020 irin wannan iska ta kwashi wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna daga gaɓar Galway a ƙasar Ailan. Suna sanye da rigar ceto, suka ɗaure allunansu wuri guda, suka riƙe alamar tarkon masunta, har wani masunci da ɗansa suka same su da rai bayan kimanin awa 15, kusa da tsibirin Inis Oírr. Masu koyarwa kan ce a fara tafiya ana fuskantar iska, don ta taimaka a dawowa lokacin da gajiya ta zo. Idan ta fi ƙarfin mutum ya durƙusa, idan hakan bai isa ba ya kwanta rubda ciki, ya danne filafili a ƙarƙashin ƙirjinsa, ya tuƙa da hannu biyu zuwa gaɓa mafi kusa.