Ko Kun Sani? Goro Ba Ya Kawar da Gajiya

Goron nan da malami kan tauna domin ya raya dare yana nazarin littattafai, da gahawa da shayin da matafiyi kan kurɓa, babu ɗayansu da ke kawar da gajiya, illa dai su ɓoye ta. Haƙiƙanin al'amarin shi ne, muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana sauka a kan waɗansu ƙananan mazaunai da ke jikin ƙwayoyin jijiya, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon nauyin barcin da zai rufe ido. To, sinadarin kafeyin da ke cikin goro, da yake siffarsa ta yi kama da ta adenosin, sai ya riga shi zama a mazaunin, tamkar mabuɗin da ya shiga kwaɗo bai buɗe ba, ya kuma hana na ainihi shiga. Jiki kan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin ya kawar da rabin kafeyin, saboda haka goron la'asar yana iya hana barcin bayan lisha, kuma da zarar tasirinsa ya gushe, sai gajiyar da ta taru ta auko wa mutum gaba ɗaya.