Haƙorin Hankali: Abin Da Waya Za Ta Iya Nunawa, Da Abin Da Sai Na'urar Asibiti

A garuruwa irin su Lajawa da ke ƙaramar hukumar Wudil a Jihar Kano, wanda ke riƙe da babbar waya a gida shi ne ake fara tambaya idan wani ya kwana da ciwo. Yarinya 'yar shekara 18 ta tashi da kumburi a can ƙarshen muƙamuƙi, ta kasa tauna tuwo, sai uwa ta ce wa yayanta ya duba a waya. Shi kuma ya kunna tocila, ya leƙa bakin ƙanwarsa, ya shiga TikTok ko ya tambayi Meta AI. Amsar da ya kawo ita ce sau da yawa ke yanke hukunci: a tafi kemis, a kira wanzami, ko a nufi asibiti.

Wannan nauyi ne babba, don haka ya kamata mai wayar ya san inda amfaninta ya tsaya.

Mene ne haƙorin hankali?

Baligi yana da haƙora 32. Guda huɗu na can ƙurya, biyu a sama biyu a ƙasa, su ne ke zuwa a ƙarshe, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Shi ya sa ake ce musu haƙoran hankali. Shekarun nan kuwa su ne na 'yan ajin ƙarshe a sakandare da ɗaliban jami'a, kamar waɗanda ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil.

Ga mutane da yawa haƙorin yana fitowa lafiya ƙalau. Wasu ma ba su da shi gaba ɗaya. Matsalar tana zuwa ne idan babu isasshen fili a muƙamuƙi: sai haƙorin ya maƙale a cikin ƙashi, ko ya kwanta a karkace yana tokarar maƙwabcinsa, ko ya leƙo rabi dasashi ya rufe sauran. A ƙarƙashin wannan fatar dasashi abinci ke taruwa, inda buroshi da asuwaki ba sa kaiwa. Daga nan sai kumburi, wari da ciwo.

Abin da kyamarar waya ba ta gani

Komai yawan megafiksel ɗin waya, saman haƙori kawai take ɗauka. Saiwar haƙorin, yadda ya kwanta da kusancinsa da jijiya duk suna cikin ƙashi. A muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke ba leɓe da haɓa ji, kuma saiwar haƙorin hankali kan zauna daf da ita. Idan aka taɓa ta wajen cirewa, leɓe na iya mutuwa na makonni ko watanni, a wasu lokuta ma ya daɗe haka. Babu manhajar da za ta hango wannan daga hoton da aka ɗauka da tocila.

Abin da ke nuna shi shi ne hoton ƙashi. Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano hasken da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi a 1895. A farkon 1896 wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, kuma sai da ya yi minti 25 bai motsa ba. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Finland, Yrjö Paatero, ya yi aiki a kan na'urar da ke zagaya kai ta ɗauki muƙamuƙi baki ɗaya a hoto guda. Ita ce likitoci ke kira OPG. Yau mutum yana tsayawa ne ya ciji wani ɗan roba, na'urar ta zagaya kansa cikin daƙiƙu kaɗan, hoton ya fito a allon kwamfuta. Idan likita ya ga saiwa ta matso jijiya sosai, yana iya neman hoton CBCT, mai nuna wurin ta fuska uku.

Ba kowane haƙori ake cirewa ba

Masu kallon TikTok da YouTube sun saba ganin matasan Amurka da auduga a baki suna surutai bayan an cire musu haƙoran nan huɗu a rana ɗaya. A can an saba cirewa tun kafin ciwo ya zo. Amma ba duniya ce duka ta yarda da hakan ba. A shekarar 2000, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar a daina cire haƙorin hankalin da ya maƙale matuƙar ba ya da cuta, a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci kawai.

Dalilan da ke sa likita ya ce a cire sanannu ne: kumburin dasashi da ke ta dawowa, ruɓewar da ba za a iya cikewa ba, lalacewar haƙorin da ke kusa, taruwar mugunya, ko ƙullutu a cikin ƙashi. Saboda haka iyaye suna da haƙƙin su tambayi likita dalilin cirewa, abin da zai faru idan aka bar shi, da kuma nisansa da jijiya a hoton.

Alamomin da ba sa jiran gari ya waye

Ciwon da ke zuwa yana tafiya zai iya jiran ranar ganin likita. Amma idan baki ya ƙi buɗuwa, kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya, ga zazzaɓi, ga wahalar haɗiyar yawu ko numfashi, to a ajiye waya a nemi mota. Ciwon da ya taso daga haƙorin ƙasa yana iya bazuwa ƙarƙashin harshe har ya toshe hanyar numfashi, kuma yana kisa.

Dabarun da ke yawo a WhatsApp ma suna da nasu haɗarin. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi. Ruwan batir ya fi muni. Kanumfari yana rage zafi na ɗan lokaci amma ba ya warkarwa. Sayen Flagyl ko Amoxil a kemis duk lokacin da ciwon ya motsa yana kwantar da shi ne kawai, sanadin yana nan. Wanzami kuwa, duk ƙwarewarsa, ba ya ganin saiwar da ke cikin ƙashi. Rigakafi ya fi magani.

Inda waya ke da amfani na gaske

Daga Lajawa, matakin farko shi ne Babban Asibitin Wudil, inda za a duba a kuma tura gaba idan akwai buƙata. A cikin Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda ke da sashen haƙori da tiyatar fuska da muƙamuƙi, da kuma Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. Tafiyar kuɗi ce da yini guda, kuma a nan ne waya ke rage asara.

Kafin a tashi, a kira a tambayi ranar da ake ganin likitan haƙori da inda ake ɗaukar hoton OPG. A riƙa ɗaukar hoton fuska safe da yamma don likita ya ga ko kumburin yana ƙaruwa. A rubuta ranar da ciwon ya fara, a ɗauki hoton kwalayen duk magungunan da aka sha. A rubuta ko yaron yana da sikila, ciwon suga, ko jininsa na daɗewa bai tsaya ba idan ya yanke.

Idan an ɗauki hoton ƙashin, a nemi a turo fayil ɗinsa. Wanda zai aika wa wani likita ta WhatsApp ya tura shi a matsayin fayil, ba ta wajen hotuna ba, domin manhajar tana matse hoto ta rage ingancinsa. A ajiye kwafi a Google Drive saboda ɓatan waya. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a duba kalanda kada ya faɗa cikin makonnin WAEC ko NECO.

Bayan an cire

Yawanci allurar kashe zafi ake yi a dasashi, mutum yana farke, kuma a ranar yake komawa gida. Kumburi kan kai maƙura a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sauka. Abu mafi muhimmanci shi ne gudan jinin da ke cike ramin, domin shi ne murfin da ke kare ƙashi. A cikin awa 24 na farko ba a kurkure baki da ƙarfi, ba a tofar da yawu akai-akai, ba a zuƙar lemo da bututu. Sigari da shisha sai an warke. Daga rana ta biyu a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi mai gishiri. Koko ko kunu da ya huce, yogot da faten dankali sun isa abinci, ƙuli-ƙuli da kilishi su dakata. A saita ƙararrawar waya don lokutan shan magani.

Idan bayan kwana uku zuwa biyar ciwon ya dawo da ƙarfi har yana harba kunne, ga wari a baki, mai yiwuwa gudan jinin ne ya fita. A koma wurin likitan da ya yi aikin. Haka nan idan jini ya ƙi tsayawa bayan an ciji auduga mai tsabta na rabin awa, ko leɓe bai farfaɗo ba har washegari, lambar asibitin da aka ajiye a waya ita ce abin da za a fara dannawa.