Illar Magani Idan Ba a San Wanda Ya Jawo Ta Ba

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a cikin wannan takarda ita ce mu yi bayanin wata matsala da ke damun likitoci da majinyata, watau majinyaci ya zo asibiti da alamun illar magani, amma a kasa tantance wane magani ne ya cutar da shi. Duniya ta farga da haɗarin illar magani a 1961, sa'ad da aka gano cewa talidomaid da mata masu ciki suka sha ne ya sa suka haifi jarirai masu naƙasassun gaɓoɓi. Wannan ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin sa ido kan magunguna a 1968, Nijeriya kuwa ta shiga shirin a 2004.

2.0 Dalilan Rashin Sani

Dalili na farko shi ne yawan magunguna. Mai tarin fuka, alal misali, yakan fara da magani huɗu a ƙwaya guda: isonayazid da rifamfisin da firazinamaid da itambutol. Uku na farkon duk suna iya taɓa hanta, saboda haka idan idonsa ya yi rawaya, ba a iya nuna ɗaya kai tsaye. Na biyu kuwa shi ne haɗin da ake saye a kemis ko wurin 'yan talla, inda ake ƙulle ƙwayoyi iri-iri a leda ba suna ba takarda. Na uku, majinyaci yakan haɗa da jiƙo ko tsimi, kuma ba ya faɗa sai an tambaye shi, don a ganinsa wannan ba ya cikin lissafi.

3.0 Hanyar Bin Sawu

Mafi ƙarfin hujja a nan shi ne lokaci. Illar da ke zuwa da borin jini da kumburin leɓe da toshewar numfashi takan bayyana cikin mintoci zuwa sa'a guda, don haka abin tuhuma shi ne maganin da aka ba shi na ƙarshe, kamar allurar fenisilin. Wannan kam ba ta jiran bincike, allurar adirenalin ake yi nan take. Amma cutar Stevens-Johnson, wadda fata ke salewa kamar ta ƙuna, baki da idanu su yi gyambo, takan ɓullo ne yawanci tsakanin kwana 4 da 28 bayan fara magani. A nan sai a koma baya a duba abin da aka soma sha a wannan tsakanin, musamman Septrin da Fansidar da nebirafin da magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora laifi kan farasitamol da majinyaci ya sha jiya, alhali zazzaɓin da ya sa ya sha shi mafarin illar ne.

Bayan haka sai a dakatar da duk maganin da ba dole ba, a ga ko sauƙi zai samu. Naranjo da abokan aikinsa sun tsara tambayoyi 10 a 1981 don auna ƙarfin tuhuma, cikinsu har da ko illar ta dawo da aka sake ba da maganin. A tarin fuka akan yi haka da gangan: idan hanta ta murmure, sai a mayar da magungunan ɗaya bayan ɗaya. Amma wanda fatarsa ta sale ba a gwada masa, domin karo na biyu yana iya zama ajali.

4.0 Kammalawa

Abin da ke kan gaba shi ne, idan aka yi gaggawar ɗora laifi, za a haramta wa mutum maganin da zai buƙata gobe, a bar shi yana shan mai cutar da shi, an ɓata goma biyar ba ta gyaru ba. Shawararmu ita ce majinyaci ya zo da kwalaye da kwalabe da ragowar duk abin da ya sha, likita kuma ya rubuta ranar fara kowanne, ya ba shi takardar sunayen waɗanda ake tuhuma. Sa'an nan a cika fom ɗin rahoto a aika wa hukumar NAFDAC ko da ba a tabbatar ba, domin da tarin irin waɗannan rahotanni ne ake gano maganin da ya ɓuya wa likita guda.