Gandun dajin Gadabeji: amanar da ke ɓoye a arewacin Maraɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Idan aka yi zancen namun daji a ƙasar Nijar, hankalin mafi yawanmu yana zuwa ne ga gandun W ko kuwa ga raƙuman dawan Kure da ke kusa da Yamai. Kaɗan ne suka san cewa jihar Maraɗi ma tana da nata gandun, wato Gadabeji, wanda muka samu ikon ziyarta domin mu kawo muku labarinsa.

Daga Maraɗi matafiyi zai bi hanyar Dakoro, tafiyar kilomita wajen 120. Daga can kuma sai rairayi da hanyoyin makiyaya, inda ƙaramar mota ba ta da ta cewa. An keɓe wannan daji tun shekarar 1955, zamanin mulkin Faransa, kuma faɗinsa ya kai hekta 76,000. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune a kewayensu, wato Buzaye da Fulani makiyaya.

Abin da ya fara kama mu shi ne shirun wurin. Babu kasuwa, babu hayaniya, sai iska tana kaɗa aduwa da magarya da anza a kan tuddan rairayi. Wanda ya fito bayan sallar asuba ya yi haƙuri, shi ke gani. Barewa na ɗaga kai ta dube ka, kafin ƙiftawar ido ta ɓace. Akwai dila da jan biri. A ƙasa zabin daji na kiwo, cilakowa na tsalle daga reshe zuwa reshe, tuji na takawa cikin ciyawa da ƙasaita, ungulaye kuwa na shawagi can sama. Da muka hangi alhudahuda da tukkunsa, sai muka tuna wa yaran da ke tare da mu labarinsa da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kamar yadda ya zo a Suratun Namli.

Sarkin wurin dai shi ne raƙumin dawa, kuma tarihinsa abin lura ne. Fari da farauta sun kawar da shi daga Gadabeji a shekarun 1970. Irin nan na Afirka ta Yamma ya ƙare a ko'ina sai a Nijar, inda a shekarar 1996 aka ƙidaya 49 kacal. Da hukuma da talakawa suka haɗa hannu wajen kare su, sai suka hayayyafa har suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure cikin manyan motoci, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji. Hikimar ita ce, idan annoba ko fari ya afka wa garke ɗaya, ɗayan ya tsira. Mariri kuwa, wanda kakanninmu suka sani a wannan daji, bai samu wannan gata ba. Yaranmu sai dai su ji sunansa.

Har yanzu haɗari bai kau ba. Gobarar daji tana cinye ciyawar da dabbar gida da ta dawa suka dogara a kanta. Ana sare itatuwa, ana harbin barewa da tuji a ɓoye. Mafi muni, ana kashe ungulu domin a sayar da kanta ga masu tsafi. Wannan ɓarna biyu ce, ɓarnar aƙida da ɓarnar ƙasa, domin ungulu ce ke share mushe kafin ya yaɗa cuta tsakanin dabbobi.

Kada wani ya ɗauka keɓe daji baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe filin Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, duka domin maslahar al'umma. Hadisi ya ba mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwa, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki ran tsuntsu abin wasa ba.

Maigidan da ke son kai iyalinsa ya zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji domin samun izini da ɗan rakiya, ya kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ya tashi. A riƙi ruwa isasshe, a bar danƙo da tarko a gida, kada a bar leda ko garwashi a baya. A gaida makiyayan da aka tarar da mutunci, domin su ne maƙwabtan wannan daji dare da rana.

Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana, Ya sa jikokinmu su ga abin da muka gani. Amin.