Mai Ƙafa da Aikin Bushin Ƙarfe

A garejin gyaran mota kowa da fanninsa. Akwai mai inji, akwai mai waya, akwai mai bugun jiki da mai fenti, sannan akwai wanda ake kira mai ƙafa. Shi ne wanda ba kasafai kake ganin fuskarsa ba idan ka shigo, sai dai duga-dugansa da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota, yana kwance a kan tsohon kwali. Duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota nasa ne: shokozoba, bol-join, tayirod, hannuwan da ke riƙe taya, da robobin nan da ake kira bushin. Ni dai a duk mutanen gareji shi na fi jin nauyi. In inji ya lalace, mota tsayawa take yi a gefen hanya. In ƙafa ta lalace kuwa, tana tsakar gudu take nuna halinta, ga mutane a ciki.

Da kunne yake fara aiki. Mai mota zai ce masa, "Oga, in na faɗa rami sai na ji gwaf-gwaf a baya." Ba zai ce komai ba tukuna. Zai ɗaga motar, ya sa liba tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya ɗan banƙara, yana kallon inda ke motsi alhali bai kamata ya motsa ba.

A cikin ayyukansa akwai wani mai wuyar gaske da ba kowane mai ƙafa ke yarda ya taɓa ba. Motoci masu jan baya irin su BMW da Marsandi suna da wani gadon ƙarfe a ƙarƙashin kujerar baya, wanda makanikai ke kira kurosmemba. A jikinsa aka ɗaure aksul da yawancin hannuwan tayoyin baya. Marsandi 190 da ta fito a 1982, alal misali, hannuwa 5 ne ke riƙe kowace tayar bayanta, kuma yawancin nauyin aikinsu a kan wannan gado yake sauka. Shi kuma gadon ba a manne yake da jikin mota kai tsaye ba. Galibi manyan bushin guda 4 ne a tsakani, kowanne roba ce mai kauri a cikin zoben ƙarfe, da dogon noti ya ratsa tsakiyarta. Robar nan ita ke shanye dukan hanya da kukan aksul kafin su iso wurin fasinja. Zafin ƙasarmu da man da ke ɗiga a kanta su ke tsufar da ita. In ta mutu sai bayan mota ya riƙa yawo, ka shiga kwana ka ji kamar wani ne daban ke tuƙa tayoyin baya.

Abin da aka saba shi ne a nemo sabuwa, ko a je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ciro ta Beljiyam. Wanda aljihunsa bai kai ba akan yanko masa daga tsohuwar tayar babbar mota, a sassaƙa da wuƙa a cusa. Amma akwai wata hanya da ta samo asali daga filayen tseren mota na Turai da Amurka da Japan: a raba mota da robar kwata-kwata, a maye gurbinta da dunƙulen alminiyam da aka fere a injin tana. Gado da jikin mota sai su zama abu guda. Kamfanin BMW da kansa ya bi wannan hanya a motarsa M3 ta 2014, inda ya ɗaure gadon baya a jiki ba tare da roba ba. A nan gida, matasa masu wasan mota da tsofaffin BMW su ne suka fi zuwa da irin wannan buƙata, da kwalin bushin da suka yi oda a hannu.

Aikin yini ne cur, wani lokaci har ya kwana. Sai an cire tayoyi, an sauke salansa, an kwance farfela daga aksul, an rataye birki da waya don kada nauyinsa ya tsinka tiyo, an zare wayar hambirki da 'yan wayoyin na'urar birki. Kafin a taɓa manyan notuna huɗun, gwani zai ɗauki alli ya zana inda gadon yake zaune, sannan ya tokare shi da jak da guntun katako. Yaran gareji biyu na riƙe da gefe da gefe, shi yana sassauta jak a hankali yana cewa, "Kai, riƙe nan da kyau, kada ka saki sai na ce." Gadon da aksul a jikinsa ya isa ya karya hannun mutum, kuma an sha ganin haka ga masu gaggawa.

Fitar da tsohuwar bushin ita ce wahalar farko. Shekara ashirin tana zaune a raminta, tsatsa ta ɗaura musu aure. Mai kayan aiki yakan sa ta a injin matsa, ko ya yi amfani da dogon ƙarfe mai zare da faifai biyu ya jawo ta. Wanda ba shi da su sai ya kunna wutar gas ya ƙona robar, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji har maƙwabta su yi ta tari, sannan ya zira zarto ya yanka zoben da ya rage. A wannan yankan ake gane hannu. Zarto ya tsaya daidai inda zobe ya ƙare. In ya zarce ya ci bakin ramin, an raunata gadon, kuma sabuwar bushin ba za ta taɓa zama daram ba. Ban ga laifin mai ƙona roba ba idan babu yadda zai yi, amma ina jin ciwon ganin yara ƙanana tsaye a cikin hayaƙin nan ba ko ƙyalle a hanci.

Daga nan a goge ramin da sanfefa har ya yi fes, a auna faɗinsa, a auna na bushin. Roba tana yafe kuskure, tana lotsawa ta shiga. Alminiyam ba ya yafewa. Shi ya sa masu dabara kan kai bushin ɗin firizar mai sayar da ƙanƙara ta kwana. Ƙarfe yana tsukewa da sanyi: dunƙulen alminiyam mai faɗin milimita 60, idan aka sauke zafinsa da digiri 50, zai ragu da kusan kashi 7 cikin 100 na milimita. Ido ba ya ganin wannan, amma hannu yana jinsa. A ɗauko ta da gudu tana raɓa, a shafa mata man hana tsatsa, domin alminiyam da baƙin ƙarfe in suka haɗu da ruwa cin juna suke yi, sannan a saita ta tsaye cak a matsa ta a hankali. Mai ƙafar da ya ɗauko guduma a wannan gaɓa, ka karɓi makullinka. Bushin da ta shiga a karkace ta riga ta kankare jikinta, kuma noti ba zai hau raminsa ba sai da dole.

Akwai wani mataki da raggon makanike ke tsallakewa, alhali shi ne ran aikin. Tunda gadon yana ƙasa, sai a wanke ƙarƙashin motar daidai inda notuna ke shiga, a haska da tocila a nemi tsaga. BMW samfurin E46, wadda aka ƙera tsakanin 1998 da 2006, ta yi suna wajen tsagewa a wannan wuri, har masu ita a Amurka suka kai kamfanin kotu aka yi sulhu a 2009. To, wurin da ke tsagewa ko da roba na kare shi, ina ga an cire robar? Dole a kira mai walda ya ɗinke tsagar, ya ƙara faranti, bayan an sauke tankin mai da ke kusa. Wanda ya ɗora bushin ƙarfe a kan tsagaggen jiki, garin neman gira zai rasa ido.

Mayarwa kuma ba ɗaurin ƙarfin tuwo ba ne. Kowane noti yana da ma'auninsa, da sifana mai awo ake kai shi. Notunan hannuwa masu roba ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta zauna da nauyinta. Bushin da ke riƙe aksul kuwa, gwanaye sukan bar su na roba, in ba haka ba kukan giya zai cika cikin mota. A ƙarshe a wuce wurin alaimen.

In aikin ya yi kyau, direba zai ji bambanci tun daga kwanar farko. Bayan mota yana bin sitiyari ba musu, gwaf-gwaf ta tafi. Sai dai kowace tsakuwa yanzu tana isowa ƙashin bayansa, kuma dukan da roba ke sha a da ya koma kan jikin mota da notuna. A fili mai santsi wannan ciniki ne mai riba. A titin unguwa bayan damina, motar da ke kai yara makaranta da tsohuwa asibiti ba ta da abin da za ta ƙaru da shi sai wahala.

Shi ya sa mai ƙafar kirki, kafin ya ɗauki sifana, yakan tambayi mai mota, "Alhaji, wace hanya kake bi da ita kullum?" Na san kuɗin aikin bushin ƙarfe ya fi tsoka, kuma ba ƙaramin abu ba ne mutum mai iyali ya ture shi ya ce a sa roba. Idan ka dace da wanda ya yi maka wannan tambaya, ka ba shi amsa ta gaskiya, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, kuma ka saya wa yaransa ruwa.